Duke Kahanamoku, Mutumin da Ya Raya Hawan Igiyar Ruwa

Mutumin da ya tashi a cikin birnin Kano, inda ruwan da yara suka saba da shi bai wuce na kududdufi ba, zai yi mamaki in aka ce masa akwai ƙasar da ake hawan ruwa kamar yadda ake hawan doki. To, akwai ta kuwa, watau tsibiran Hawai da ke tsakiyar tekun Fasifik. A can mutum yakan kwanta rub-da-ciki a kan wani dogon allo, ya yi ta tuƙi da hannuwansa har ya yi nisa da gaɓa. Da zarar igiyar ruwa ta taso sai ya miƙe tsaye, ta ɗauko shi a guje zuwa tudu. Yadda ake gane gwanin doki wajen jahi a Ƙofar Kudu ran hawan daushe, haka mutanen Hawai na dauri suke gane jarumi a kan igiyar ruwa, har ma akwai irin allon da sarakuna kaɗai ke hawa.

Ba su kaɗai suka san wasan ba. A tsakiyar shekarun 1830 wani hafsan sojan Birtaniya, James Alexander, ya ga yara suna yin irinsa a bakin tekun Accra ta ƙasar Gana. Amma a Hawai ne ya fi bunƙasa, kuma a can ne ya kusa mutuwa. Bayan isowar Kyaftin Cook a 1778, cututtukan da baƙi suka kawo suka hallaka jama'a da yawa. 'Yan mishan da suka soma zuwa a 1820 kuma ba su ga komai a cikin wasan ba sai lalaci da tsiraici da caca. Kafin ƙarshen ƙarnin masu yinsa sun zama 'yan ƙalilan.

Cikin wannan hali ne aka haifi Duke Paoa Kahanamoku a birnin Honolulu, ran 24 ga watan Agusta, 1890. Ko da yake a Ingila kalmar Duke sarauta ce, shi a wurinsa suna ne kawai da ya gada daga mahaifinsa, wanda ɗan sanda ne. Bai cika shekara uku ba aka tuɓe Sarauniya Liliuokalani a 1893, sa'an nan a 1898 Amurka ta haɗiye ƙasar. Saboda haka ya tashi ne cikin jama'ar da mulki ya kuɓuce mata, al'adunta kuma suna shirin bi.

A unguwar Waikiki ya girma, a bakin teku, inda ya koyi iyo da tuƙin kwalekwale da hawan igiyar ruwa. Allon da ya fi shahara da shi tsawonsa ƙafa 16 ne, nauyinsa laba 114, an sassaƙa shi irin na kakanninsa. Shi da abokansa suka kafa wata ƙungiya mai suna Hui Nalu, wadda akasarinta 'yan ƙasa ne.

Amma iyo ne ya fara fid da sunansa. Ran 11 ga watan Agusta, 1911, a tashar jiragen ruwa ta Honolulu, ya ninƙaye yadi 100 cikin daƙiƙa 55.4. Shugabannin wasanni na Amurka suka ƙi yarda, suka ɗora abin a kan kuskuren agogo da gudun ruwa. Bai tsaya jayayya ba. Da shekara ta kewayo ya tafi wasannin Olamfik na Stockholm, a ƙasar Suwidin, ya ci lambar zinariya a tseren mita 100. Yaƙin Duniya na Farko ya hana wasannin 1916, amma a 1920 ya ƙara zinariya biyu a Antwerp. A Paris kuma, a 1924, yana da shekara 33, ya zo na biyu bayan Johnny Weissmuller, ƙanensa Samuel ya zo na uku.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kahanamoku bai bar nasa ba. In an gayyace shi nuna iyo a wata ƙasa, yakan nuna musu wasan kakanninsa. A watan Disamba na 1914, a gaɓar Freshwater kusa da birnin Sidni na Ostareliya, ya sassaƙa allo da katakon da ya samu a can, ya hau ruwa a gaban taron jama'a. Daga nan wasan ya kama ƙasar sosai. Haka kuma ya yi a gaɓoɓin Amurka, gabas da yamma.

Ranar da allon ya nuna amfaninsa na gaskiya kuwa ita ce 14 ga watan Yuni, 1925. Wani jirgin kamun kifi mai suna Thelma ya kife a mashigin Newport ta Jihar Kalifoniya, da mutum 17 a ciki, teku kuwa ya yi haukan da ƙaramin jirgi ba ya iya kusantar wurin. Kahanamoku, wanda ke bakin gaɓa, ya ɗauki allonsa ya faɗa ruwa. Ya je ya dawo, ya sake komawa, har ya fid da mutum 8. Abokansa suka ceci 4, sauran 5 suka hallaka. Bayan wannan ne masu aikin ceto a gaɓoɓin Amurka suka rungumi allo a matsayin kayan aiki. Abin da aka kira lalaci sai ga shi yana ceton rai.

Da ya koma gida, mutanen Honolulu suka zaɓe shi babban jami'in doka na birnin har sau 13 a jere, daga shekarun 1930 zuwa wajen 1960. Ya auri Nadine Alexander a 1940. Bayan Hawai ta zama jiha a Amurka a 1959, aka ɗora masa aikin tarbar manyan baƙi.

Ya rayu har ya ga samari sun wuce inda ya tsaya. A 1957 wasu suka yi ƙundumbala suka hau manyan igiyoyin Waimea, a arewacin tsibirin Oahu, waɗanda aka daɗe ana tsoro. A 1965 aka soma wata gasa da sunansa a wannan gaɓa ta arewa. Cikin waɗanda suka cinye ta akwai Eddie Aikau, a 1977, wani ɗan ƙasa mai aikin ceto a Waimea, wanda ya ɓace a teku a 1978 sa'ad da ya hau allonsa don nemo wa abokan tafiyarsa agaji bayan jirginsu ya kife.

Kahanamoku ya rasu ran 22 ga watan Janairu, 1968, yana da shekara 77, sanadiyyar ciwon zuciya. Aka watsa tokar gawarsa a tekun Waikiki. Ya daɗe yana fatan a sa wasan cikin Olamfik, amma hakan bai tabbata ba sai a wasannin Tokyo da aka yi a 2021. A 2020 kuma wani Bajamushe, Sebastian Steudtner, ya hau igiyar da ta kai mita 26 a Nazare ta ƙasar Fotugal. A 1990, shekara 100 da haihuwarsa, aka kafa mutum-mutumin Kahanamoku a gaɓar Waikiki, ya buɗe hannuwa, allonsa a tsaye a bayansa.