Tanimun, Sarkin da ya Gina Ganuwar Damagaram

Tanimun ɗan Sulaimanu ne, sarkin da ya mai da Zinder babban birnin Damagaram. Ya yi jayayyar sarauta da ɗan'uwansa Ibrahim. Daga 1851 mulki ya zauna a hannunsa.

A wannan zamani yaƙi ya yi yawa. Garin da ba shi da ganuwa, mahara suna iya cin shi dare ɗaya. Saboda haka, wajajen 1856, Tanimun ya sa a kewaye birni da ganuwa.

Aikin ba ƙarami ba ne. Talakawa da bayi suka yi ta haƙo ƙasa, suna ɗauko ruwa, suna kwaɓawa. Magina suka yi gindin ganuwa da faɗi ƙwarai, tana tashi tana tsukewa, don kada nauyinta ya kayar da ita. Tsawonta ya kai kusan mita 10. Aka bar ƙofofi, ana rufe su da dare.

Tanimun ya kuma sa maƙera su ƙera igwa, ana haɗa albarushi cikin gari. Fatake daga Agadas da Tarabulus suka riƙa sauka a Zango, bayan ganuwa. Damagaram ta yi ƙarfi, ko da yake tana biyayya ga Barno.

Tanimun ya rasu a 1884. Yau saura kaɗan ya rage na ganuwar, amma har yanzu ana kiran unguwar da ta kewaye Birni.

Tambayoyi
1. Don me aka gina ganuwa?
2. Su wa suka yi aikin?