Dmitri Mendeleev, mutumin da ya bar gurabe a jadawalin sinadarai

Duk wanda ya taɓa zama a ajin kimiyya ya san jadawalin nan mai gidaje-gidaje da ake mannawa a bango. Wanda ya aza harsashinsa shi ne Dmitri Mendeleev, masani ɗan ƙasar Rasha.

An haife shi a shekara ta 1834 kusa da garin Tobolsk na yankin Saiberiya, shi ne kuma autan gidansu. Mahaifinsa shugaban makaranta ne da ya makance, sai mahaifiyarsa Mariya ta riƙe gidan da wata masana'antar gilashi ta danginsu. Bayan mijin ya rasu, masana'antar kuma ta ƙone, ta ɗauki yaron zuwa Mosko, inda jami'a ta ƙi karɓarsa. A Saint Petersburg ya samu gurbi a kwalejin horon malamai a 1850, shekarar da ita kuma ta cika.

Yana farfesa a jami'ar birnin, yana rubuta wa ɗalibansa littafi, ya ci karo da matsalar yadda zai jera sinadarai na asali 63 da aka sani a lokacin. A 1869 ya jera su bisa nauyin ƙwayar zarrarsu, daga marar nauyi zuwa mai nauyi, sai ya lura cewa halayensu na maimaituwa bayan wata tazara, kamar yadda ranakun mako ke zagayowa. Saboda haka ya yanka jerin layi-layi, masu hali ɗaya suka faɗa rukuni guda. Litiyom da sodiyom da fotasiyom, alal misali, dukkansu ƙarafa ne masu laushi da ke tayar da ƙayar baya idan sun haɗu da ruwa.

Ba shi kaɗai ya ga haka ba, domin Bajamushe Lothar Meyer ma ya kai ga irin wannan tsari. Abin da ya bambanta Mendeleev shi ne ƙarfin hali. Inda babu sinadarin da ya dace da gurbi, sai ya bar shi babu komai, ya kuma bayyana nauyi da halin abin da za a gano nan gaba. Wannan kasada ce da sunansa, kuma masana da dama sun yi tababa.

A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano galiyom, ya auna nauyinsa bisa girmansa ya samu 4.7. Mendeleev, wanda bai taɓa ganin ƙarfen ba, ya dage cewa kusan 5.9 ne. Da aka tace shi aka sake awo, maganarsa ce ta tabbata. Sikandiyom ya biyo baya a 1879, sannan jamaniyom a 1886, kowanne ya shiga gidan da aka tanadar masa.

Sai dai ba ko'ina ya dace ba. Ya sanya teluriyom gabanin ayodin bisa halayensu, yana zaton an yi kuskure wajen awon nauyinsu. Matsayin daidai ne, dalilin ne ba daidai ba. A 1913 binciken Henry Moseley na Ingila ya nuna cewa lambar ƙwayar zarra, wato yawan firoton ɗin da ke cibiyarta, ita ce ainihin ma'aunin jerin. A kanta aka tsara jadawalin yau, mai sinadarai 118 a layuka 7 da rukunoni 18.

Ya bar jami'a a 1890 bayan ministan ilimi ya ƙi karɓar takardar koken ɗalibai da ya kai masa, daga baya ya shugabanci hukumar awo da ma'aunai ta Rasha. Ya rasu a 1907 ba tare da samun kyautar Nobel ba. A 1955 aka ƙirƙiro sinadari na 101, aka raɗa masa suna mendeleviyom.