Labarin Bakhita, Baiwar da Ta Zaɓi Zaman Zuhudu

Kowa a cikinmu ya ji labarin hanyar gabas da alhazanmu na dā ke bi da ƙafa, su ratsa Darfur, su sauka Al'ubayyid, su bi ta Hartum har Sawakin, bakin Bahar Maliya. To, wannan hanya ce wata yarinya ta bi, amma ita a kan tilas.

An haife ta a Darfur wajen 1869, cikin kabilar Daju. Ba ta kai shekara goma ba 'yan samame suka sace ta. Saboda tsananin firgita har sunan da iyayenta suka raɗa mata ya ɓace mata, sai ɓarayin suka sa mata Bakhita, watau mai sa'a da Larabci. Aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu. A gidan wani hafsan Turkawa aka tsattsaga jikinta da aska, tsaga 114, aka cusa gishiri ciki don tabon ya zauna.

A 1883 wani jakadan Italiya a Hartum, Kalisto Lenyani, ya saye ta. Da yaƙin Mahadi ya matso ya tashi zai koma gida, ita da kanta ta roƙa ya tafi da ita. Suka isa Italiya a 1885, ya ba da ita ga iyalin abokinsa Mikiyeli, ta zama mai renon 'yarsu.

A 1888 uwargidan za ta Sawakin wurin mijinta, sai ta ajiye yarinyar da mai renonta a birnin Fenis, hannun Sistocin Kanosa. Waɗannan mata ne 'yan Katolika da suka bar aure da dukiya, suka ba da kansu ga ibada da koyar da 'ya'yan talakawa. Nan Bakhita ta fara jin labarin Ubangijin da tun tana ƙarama take tunaninsa in ta dubi rana da wata da taurari.

Da uwargidan ta komo za ta ɗauke su zuwa Sudan, Bakhita ta ƙi. Kwana uku ana lallashi ana tsawa, ba ta motsa ba. Mu lura, matar nan ba ta taɓa dukanta ba, ga kuma ƙaunar yarinyar da ta rena tana jan zuciyarta. A ganinmu wannan ya fi bulala wuyar jurewa. Magana ta kai gaban hukuma. Ran 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka ita 'ya ce. Ranar da aka fara sakar mata ragamar kanta, ta zaɓi zama wurin sistoci.

Aka yi mata baftisma ran 9 ga Janairu 1890, aka kira ta Yosefina. Amma shiga zuhudu ba a yinsa da gaggawa. Ta daɗe tana auna abin a ranta, tana shakkar ko za a karɓi baƙar mace wadda ta fito daga bauta, kafin ta faɗa wa limamin da ke yi mata gargaɗi. A Disamba 1893 ta shiga shekarun gwaji, inda ake duban halin mace, ita ma ta dubi zaman ko za ta iya. Sai ran 8 ga Disamba 1896, a Berona, ta ɗauki alkawari uku: talauci, da tsare kai daga aure, da biyayya. Abin mamaki ne a ce wadda aka tilasta wa biyayya tun tana yarinya ta komo ta ɗauke ta da yardar ranta.

Daga 1902 aka zaunar da ita a garin Iskiyo. Aikinta dafa abinci, da ɗinki, da gyaran ɗakin ibada, da tsaron ƙofa, inda yara 'yan makaranta ke wucewa tana shafa kansu. Mutanen garin suka riƙa kiranta Baƙar Uwa. Daga 1935 aka yi ta zagawa da ita cikin Italiya tana ba da labarinta, tana kuma ƙarfafa sistocin da ke shirin zuwa Afirka, ko da yake ita ba ta ƙara ganin ƙasarta ba.

Ta rasu ran 8 ga Fabrairu 1947. A 2000 Paparoma Yohana Bulus na Biyu ya sa ta cikin waliyyan Katolika, kuma ranar rasuwarta ce suka keɓe don addu'a saboda waɗanda ake fataucinsu.