George Orwell: Marubucin da Lambu ya Koya wa Siyasa

Da yawa daga cikinmu ba su manta da littafin Animal Farm ba, wanda malamanmu suka karantar da mu a ajin adabi, wasu kuma suka san shi da sunan Gandun Dabbobi a fassarar Bala Abdullahi Funtua ta shekarar 1975. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne mai littafin manomin lambu ne, kuma a lambun nan ya samo wasu daga cikin ra'ayoyinsa na siyasa.

Sunansa na yanka Eric Arthur Blair. An haife shi a Motihari, ƙasar Indiya, ranar 25 ga Yuni 1903. Ya yi karatu a makarantar Eton ta 'ya'yan manya a Ingila, sannan ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Bama daga 1922 zuwa 1927. Zaluncin da ya gani a can ya ishe shi, ya ajiye aikin ya rungumi alƙalami.

A shekarar 1936 ya kama hayar wani tsohon gida a ƙauyen Wallington, a kan sule bakwai da sisi a mako. Gidan ba wutar lantarki. Nan ya auri Eileen, suka buɗe ɗan kanti, suka kiwata kaji da awaki. Ya shuka dankali da itatuwan marmari, ya kuma sayi dashen furen wardi a kantin Woolworths a kan sisi-sisi. Akuyarsa ɗaya sunanta Muriel, ita ce ta fito a cikin Gandun Dabbobi da wannan suna. A ƙauye kuma ya ga wani yaro yana bulalar ƙaton dokin amalanke, ya ce a ransa da dabbar ta san ƙarfinta da ba mai iya juya ta, kuma haka talakawa suke a hannun masu dukiya. Daga nan tunanin littafin ya tsiro.

Lambu ya koya masa riƙon gaskiya. Kullum yana rubuta yawan ƙwan da kaji suka yi da ranar da iri ya tsiro. Mai irin wannan lissafi ba ya ruɗuwa da daɗin baki. A ƙarshen 1936 ya tafi Sifen ya shiga yaƙin basasa a ɓangaren masu adawa da Franco, aka harbe shi a maƙogwaro a watan Mayu 1937. Da ya ga yadda magoya bayan Stalin suke ƙirƙirar ƙarya a jaridu suna kama abokan gwagwarmayarsu, sai ya ƙi yin shiru, ko da yake shi ma ɗan gurguzu ne.

Lambu ya kuma nuna masa abin da siyasa ya kamata ta samar wa ɗan Adam. A 1944 ya yaba wa furanninsa na sisi a jaridar Tribune, sai aka rubuto ana zarginsa da sha'awar abin masu kuɗi. Bai janye ba. A 1946 ya yi rubutu a kan kwaɗo da dawowar yanayin tsiro, abin da kowa ke mora kyauta, ba kuma mai mulkin da zai hana. A ganinsa, gwagwarmayar da ta ba talaka abinci ta hana shi jin daɗin rayuwa ba ta cika ba. A shekarar kuma ya yi kira ga mutane su dasa itace, domin itace yana amfanar waɗanda ba a haifa ba tukuna.

A 1946 ɗin ya koma tsibirin Jura a Sikotilan. Tarin fuka na cinsa, amma yana noma yana dasa itatuwa yayin da yake rubuta littafinsa na ƙarshe, Nineteen Eighty-Four, wanda ya fito a 1949. Ya rasu a Landan ranar 21 ga Janairu 1950, yana da shekara 46. An binne shi a Sutton Courtenay, aka dasa wardi a kan kabarinsa.

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai, inuwar da muka zauna muka karanta littafinsa, wani ne ya dasa itacenta kafin mu zo. Mu ma kowa ya bar wa na baya tasa.