Adolf Kussmaul: Likitan Da Ya Fara Leƙa Cikin Bututun Abinci

A yau idan mutum ya zo asibiti yana kukan abinci na tsaya masa a ƙirji, likita kan tura shi gwajin endoskofi. Za a zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki, cikin 'yan mintuna a ga hanyar abincinsa a allo. Wannan gwaji ya samo asali ne daga wani likitan Jamus mai suna Adolf Kussmaul.

An haifi Kussmaul ranar 22 ga Fabrairu 1822 a garin Graben, kusa da Karlsruhe. Ya gaji likitanci, domin mahaifinsa da kakansa duk sana'arsu ke nan. Ya yi karatu a Jami'ar Heidelberg, ya yi aiki a matsayin likitan soja, sannan ya koma ƙaramin garin Kandern yana duba mutanen karkara. Rashin lafiya ce ta raba shi da wannan aiki mai wahala. Da ya samu sauƙi sai ya tafi Würzburg ya ƙaro ilimi, a lokacin da Rudolf Virchow, masanin yadda cuta ke canza sassan jiki, yake koyarwa a can. Daga nan ya zama farfesa, ya koyar a Heidelberg da Erlangen, ya koma Freiburg a 1863.

A wancan zamani babu hanyar ganin cikin bututun abinci sai bayan mutum ya mutu an buɗe gawarsa. Wanda ya kasa haɗiya, likita sai dai ya yi hasashe. Matsalar ita ce hanyar da ta tashi daga baki zuwa ciki ba miƙaƙƙiya ba ce, kayan aikin da ake da su kuwa na ƙarfe ne, ba sa lanƙwasa.

A 1868 Kussmaul ya samu mafita inda ba a zata ba. Ya nemi taimakon wani mai wasan haɗiye takobi. Masu wannan wasa suna ɗaga kai baya har baki da maƙogwaro da bututun abinci su zama layi ɗaya, kuma sun koyi danne yunƙurin amai. Kussmaul ya sa aka ƙera bututun ƙarfe mai tsawon santimita 47 da faɗin milimita 13, mutumin ya haɗiye shi har cikin tumbi. Hasken da aka yi amfani da shi na fitilar wani likitan Faransa ne, Antonin Desormeaux, wadda ke ƙona barasa da man tafentin, madubi yana tura hasken ciki.

Nasarar ba ta cika ba. Hasken ya yi rauni kafin ya kai ƙarshen bututun, ruwan ciki kuma ya rufe abin da ake son gani. Amma an tabbatar da cewa za a iya zura miƙaƙƙen bututu ta bakin mai rai ba tare da an halaka shi ba. Kussmaul bai wallafa cikakken rahoton aikin ba. Sai a 1901 wani likitan maƙogwaro, Gustav Killian, ya tattara labarin ya fito da shi.

Ba a nan kaɗai ya bar tarihi ba. Shi ya yaɗa amfani da bututu wajen zuƙe abin da ya taru a tumbi da wanke shi. A 1866 shi da Rudolf Maier suka bayyana wata cutar kumburin jijiyoyin jini. A 1874 ya bayyana numfashi mai zurfi da wahala da ke kama mai ciwon suga idan sinadarin asid ya taru a jininsa. Har gobe likitoci da sunansa suke kiran wannan numfashi, kuma alama ce ta a garzaya asibiti. Surukinsa, Vincenz Czerny, shi ne ya yi nasarar yanke kansar bututun abinci ta wuya a 1877. Kussmaul ya koma Strasbourg a 1876, ya yi ritaya a 1888, ya rasu a Heidelberg ranar 28 ga Mayu 1902 yana da shekara 80.

Waɗanda suka biyo bayansa matsalolin nan biyu suka yi ta warwarewa, wato haske da taurin ƙarfe. A 1881 Jan Mikulicz da Josef Leiter suka ƙera na'ura mai hasken lantarki a Biyana. A 1932 Rudolf Schindler ya fito da wadda rabinta ke lanƙwasa. A 1957 Basil Hirschowitz a Amurka ya gwada ta zaren gilashi mai lanƙwasa, kuma a kansa ya fara. A 1983 aka samu mai kyamarar bidiyo.

Na'urorin yanzu sun wuce nan. Akwai mai amfani da hasken shuɗi da kore, wanda jini ke shanyewa, sai ƙananan jijiyoyin saman fatar bututun su fito fili, a gane wurin da ya fara lalacewa. Ana kuma fesa ruwan aidin: lafiyayyar fata ta yi duhu, wurin da ake zargi ya ƙi kama launi, daga nan a tsinko ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Akwai mai ɗauke da na'urar sikanin a bakinta don auna zurfin ƙari, akwai kuma kyamarar da ake haɗiya kamar ƙwayar magani.

Sai dai duk ingancin na'ura, ba za ta amfani wanda ya makara ba. Kansar bututun abinci ba ta cika nuna alama da wuri ba, sai ta tsuke hanya. Idan nama ko tuwo ya fara tsaya maka, daga baya har kunu ya gagara, ko kana ramewa ba dalili, ko ƙwannafi ya daɗe ya ƙi jin magani, ko ka yi aman jini, ka je ka ga likita. Shan taba da giya suna ƙara haɗarin. Gwajin kan ɗauki minti 10 zuwa 15, ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, kuma yawanci a ranar ake komawa gida.