Tarihin Marigayi Kristen Nygaard

An haifi Kristen Nygaard a birnin Oslo na ƙasar Norway ran 27 ga watan Agusta, 1926. Masanin lissafi ne, ya kuwa yi aiki a cibiyar binciken tsaro ta ƙasarsa daga 1948 zuwa 1960. Babban burinsa shi ne kwamfuta ta iya kwaikwayon al'amuran duniya yadda suke gudana.

Saboda haka shi da abokin aikinsa Ole-Johan Dahl suka ƙago wani harshen tsara wa kwamfuta aiki mai suna Simula, wanda ya cika a 1967. Dabararsu ita ce a kasa aikin gida-gida, kowane abu ya riƙe bayanansa da ayyukansa, kuma kowane abu yana da jinsinsa.

Misali, manomin Ɗambatta ya san dabba jinsi ce mai ci da sha. Akuya ta gaji wannan duka, sa'an nan ta ƙara halinta. Amma jar akuyar da ke turkensa abu guda ce, mai shekarunta ita kaɗai. Haka yake a Simula: in an gyara jinsi, duk magadansa sun gyaru. A kan wannan harsashi aka gina harsunan C++ da Java.

Daga 1971 ya haɗa kai da ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe, domin kada a shigo da kwamfuta masana'antu ba tare da shawarar ma'aikata ba. Su biyun sun sami lambar girma ta Turing ta 2001. Nygaard ya rasu ran 10 ga Agusta, 2002, mako shida bayan rasuwar Dahl.