Vincent Bochdalek: Likitan da ya bayyana ɓular tantanin ƙirjin jarirai

Idan likita ya taɓa gaya muku cewa hanjin jaririnku ya hau cikin ƙirjinsa, wataƙila kun ga sunan Bochdalek a takardar asibiti. Sunan wani likita ne da ya rasu fiye da shekara 140 da suka wuce, kuma aikinsa yana taimaka wa iyaye su fahimci abin da ya sami ɗansu.

An haifi Vincent Alexander Bochdalek a shekarar 1801 a ƙauyen Skripov, a ƙasar da ake kira Jamhuriyar Cek a yau, lokacin tana ƙarƙashin daular Ostiriya. Ya yi karatun likitanci a jami'ar birnin Firag, ya kammala a 1833. Ya shafe shekaru yana binciken gawarwaki a asibiti don gano dalilin mutuwa. A 1845 aka naɗa shi farfesan ilimin sassan jiki, ya koyar har ya yi ritaya a farkon shekarun 1870. Ɗansa Victor ma ya bi sahunsa, sai dai ya riga mahaifinsa rasuwa a 1868. Shi kuwa Bochdalek ya rasu a 1883 a garin Litomerice. Har yau akwai sassa a ƙwaƙwalwa da hanyar hawaye da ke ɗauke da sunansa.

Aikin da aka fi tunawa da shi ya fito a 1848. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani tantanin nama mai kama da kwano a kife, wanda yake sauka yana hawa duk lokacin da muka ja numfashi. Bochdalek ya bayyana jariran da aka haifa da ɓula a wannan tantani ta baya, wajen haƙarƙari, inda hanji da tumbi, wani lokaci har da saifa ko hanta, suke shigewa ƙirji. Kafin shi, likitan Italiya Morgagni ya yi bayanin wata ɓular ta gaba, amma irin ta Bochdalek ta fi yawa nesa ba kusa ba.

Bochdalek ya ɗauka yagewa tantanin yake yi. Binciken baya ya nuna cewa tun farko ne bai gama haɗewa ba, wajen mako na 8 zuwa na 10 na ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma fara zuwa awo ba. Saboda haka ku kwantar da hankali: daka ko ɗaukar ruwa ba su jawo shi, ba laifin ungozoma ba ne, ba kuma sammu ba ne. Yana samun kusan jariri 1 cikin 3,000. Kimanin kashi 85 cikin 100 ta hagu ne, mafi yawan saura ta dama, sannan kashi 1 zuwa 2 kawai ke zuwa ta ɓangarorin biyu.

A zamanin Bochdalek ba a iya ceton waɗannan jarirai. Maganin sa barci don tiyata bai fi shekara biyu da fitowa ba, hoton ƙirji kuwa sai a 1895. Sai a 1946 Dakta Robert Gross na birnin Boston a Amurka ya ba da rahoton nasarar ɗinke ɓular ga jaririn da bai cika kwana ɗaya ba. Daga baya likitoci suka gane cewa babbar matsalar tana huhu. Hanjin da ya zauna a ƙirji yana hana huhu girma, jijiyoyin jininsa kuma su yi tauri. Shi ya sa yanzu ba a gaggawar tiyata. Ana fara sa wa jariri bututun numfashi da na'ura, a zura wani bututun ta hanci zuwa tumbi don fitar da iska, sai ya daidaita a yi aikin, sau da yawa bayan 'yan kwanaki.

A manyan asibitocin duniya, kimanin jarirai 7 cikin 10 suna rayuwa. Idan ɓular ta ɓangarorin biyu ce, huhu biyun ne suka takure, kuma sau da yawa akwai wata matsalar a zuciya, don haka da yawa ba sa tsira ko da an yi duk abin da ya kamata. Gaskiyar tana da ɗaci, amma gara ku ji ta daga bakin likita tun da wuri. Waɗanda suka rayu kan yi fama da yawan tumbiɗi, ciwon ƙirji ko jinkirin girma, don haka suna buƙatar bibiya.

Ga mazauna Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, nisa shi ne babban haɗari. Jaririn da ke haki ba zai jure doguwar tafiya ta dajin Falgore da Kwanar Dangora ba, alhali a cikin mahaifiyarsa zai iso lafiya. Ki yi hoton ciki wajen wata na biyar, musamman idan an ce ruwan cikin ya yi yawa. Idan aka ga alamar ɓula, ki nemi a tura ki ki haihu inda ake da likitocin tiyatar yara, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ki nuna takardar hoton kafin haihuwa, domin hura wa irin wannan jariri iska ta fuska yana kumbura hanjin da ke ƙirjinsa, ya ƙara danne huhu.

Idan kuma a gida aka haihu, aka ga jariri yana numfashi da ƙyar, leɓe da harshe sun yi duhu, ciki ya shafe, ƙirji ya taso, kada a ba shi nono, ruwa ko jiƙo, kada a kira wanzami. A lulluɓe shi, a ɗan ɗaga kansa da ƙirjinsa, a nufi asibiti mafi kusa nan take, a kuma faɗa wa ma'aikata duk alamun da aka gani.